Barar Karatu

Ina aji huɗu na firamare aka fara yi mini dariya a gida saboda tuntuɓe. Da an kira sallar magariba, ni kam duniya ta rufe. In aka aike ni sayen kananzir, sai in dawo ko da fasasshiyar kwalba ko da ƙujewa a gwiwa. Inna ta ce dundumi ne, a ba ni hanta in ci zai wuce. Na ci hantar har ta gundure ni, an ranbaɗa mini kwalli iri-iri, bai wuce ba. Abin da ya ruɗa mutanen gida shi ne, da rana ni ke zura wa Baba zare a allura idan idonsa ya gaji da ɗinki, amma in na miƙe sai in yi karo da turmi a tsakar gida. Yaya za a yi mai ganin kafar allura ta kasa ganin turmi? Sai aka yanke hukuncin cewa rawar kai ce ke damuna.

A 2013 Baba ya kai ni asibitin ido a Kaduna. Likita ya ɗiga mini magani, ya haska, ya daɗe yana leƙe, sannan ya rubuta sunan ciwon a takarda: retinitis pigmentosa. Ya yi wa Baba bayani cewa can bayan ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa mai karɓar haske, tawa tana mutuwa a hankali, daga gefe tana shigowa tsakiya. Shi ya sa dare ya fara tafiya, sannan gefe da gefe. Ya ce gadonsa ake yi, ya kuma tambaya ko Baba da Inna suna da dangantaka. 'Ya'yan wa da ƙani ne. Baba ya ce, "Likita, ba a yin aiki?" Likita ya ce wannan ba irin yanar ido ba ce da ake cirewa. Har muka iso gida Baba bai ce uffan ba. Inna kuwa ta yi kwanaki tana kuka a ɓoye, tana ganin kamar su suka jawo mini, alhali ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta ranar da aka ɗaura mata aure.

Daga nan gani ya dinga tsukewa, kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu, bututun kuma kullum yana ƙara matsewa. Ina aji biyar na sakandare allo ya gagare ni, littafi ya biyo baya. Na zauna a gida.

Akwai abu biyu da suka faru a zaman nan da ban manta ba. Gwaggo ta zo ta samu Baba, ina daga ɗaki ina ji, ta ce, "Yaya, ka duba lamarin yarinyar nan tun da sauran ƙuruciya a jikinta. Duk wanda ya fito, ko mai mata uku ne, a ba shi, ya rufa mana asiri." Na biyun kuma ranar da na fara fita da farar sanda ni kaɗai. Ina tsaye bakin titi ina jiran keke napep, sai na ji an kama hannuna an danƙa mini kuɗi, an ce, "Ga shi, a yi mana addu'a." Naira hamsin ce. Mutumin nan alheri ya yi niyya, na sani. Amma a ƙasarmu da an ga makaho da sanda, ƙoƙon bara ake hangowa ko da bai riƙe shi ba. Na koma gida ban je inda zan je ba, na jefa sandar ƙarƙashin gado, ta yi wata biyu a can.

Wanda ya fito da ni wani malami ne makaho, wanda ya yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato. Shi ya koya mini rubutun makafi na Braille: ɗigo shida kacal, ana jujjuya su su ba da kowane harafi. Da allo da tsinke ake huda takarda daga dama zuwa hagu, sannan a juya ta a shafa daga hagu zuwa dama. Na ce masa, "Malam, ashe mu rabin rubutunmu ajami ne, rabi boko." Ya yi dariya ya ce in dai ina iya barkwanci to zan yi karatu. Da taimakonsa na kammala sakandare. A 2019 na rubuta jarrabawar JAMB a cibiya ta musamman da hukumar ke ware wa makafi, tsarin da ta ɗauko tun 2017, inda ake karanto tambaya da baki kowa ya amsa da abin rubutun da ya saba. Na samu gurbi a sashen nazarin zamantakewar al'umma na wata jami'a. Ranar Baba ya rufe shago da wuri.

Zangon farko na lallaɓa. Ina zama a layin gaba, in ajiye waya tana naɗar muryar malami, da dare in saurara in huda abin da ya kamata. Ƙawaye biyu suna karanta mini handawut. Ana cikin haka korona ta shigo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ga kuma yajin aikin ASUU da ya kai har Disamba. Da muka koma a farkon 2021, sai aka ce ba za a cunkusa ɗalibai a zaure ba, manyan kwasa-kwasai za su koma intanet: shafin makaranta, WhatsApp, Telegram, wani lokaci Zoom.

Wallahi na yi murna. Wayata tana da TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho duk rubutun da ke fuskar waya, kuma na ƙware da ita har ina hira da mutane ba su san ba na gani ba. Na ce shi ke nan, na huta da bin mutane. Karatu zai zo har cikin tafin hannuna, in saurare shi lokacin da na ga dama.

Handawut na farko ya shigo, shafi arba'in da wani abu. Na buɗe, na ɗora yatsa. Shiru. Na shafa sama, na shafa ƙasa, muryar ta faɗi lambar shafi kawai, ta yi gum. Na ɗauka wayar ce ta lalace, na kashe na kunna. Sai ƙawata ta duba ta ce, "Ai ga rubutu nan reras." A ranar na fahimci abin da ya ci mini shekara biyu na rayuwa: hoton takarda ba rubutu ba ne. Idan aka buga rubutu a kwamfuta aka turo shi yadda yake, kowane harafi yana nan a matsayin harafi, manhaja ta san wannan "ba" ne wannan "ka" ne, sai ta furta. Idan kuwa aka fitar da shi a takarda, aka yi fotokwafi, sannan wakilin aji ya ɗauki hotonsa da waya ya haɗa ya mai da shi PDF, to a wurin manhaja ba shi da bambanci da hoton biki. Mai ido yana ganin kalmomi, ni kuwa bango aka turo mini.

Kuma kusan duk haka suke zuwa. Jadawalin lakca hoto ne. Sanarwar canjin ɗakin gwaji hoto ce, an ɗauko ta daga allon sanarwa. A Zoom malami zai haska abu ya ce, "Kamar yadda kuke gani a nan, wannan ya fi wancan," ya wuce. Wanne ne wannan? Wanne ne wancan? An ce gani ya kori ji, to ni a ajin nan ji aka kora ba tare da an ba ni ganin ba. Shafin makaranta ma kafin ka shiga sai ka kwafi wasu karkatattun haruffa da ke cikin hoto don a tabbatar kai mutum ne ba na'ura ba. Kullum ni ce ke faɗuwa wannan gwajin. Dole in miƙa wa wani wayata da lambar sirrina ya shigar da ni.

Sai na koma gidan jiya, har ma ya fi muni, don yanzu takardun sun ninka. Da dare in bi ɗaki-ɗaki a hostel: "Don Allah wa ke da sarari ta karanta mini shafi biyar?" Da farko ana yi da fara'a. Da jarrabawa ta matso sai in ji ɗaki ya yi tsit da na yi sallama, in ji ana saɗaɗawa ana fita. Ban ga laifinsu ba, kowa ta kansa yake yi, su ma iyayensu kuɗi suka biya. Amma wani dare ina tsaye a baranda, riƙe da waya, ina jiran wata ta gama wanki ta taimaka mini, sai na tuna mutumin nan mai naira hamsin. Na ce a raina, to mene ne bambancin? Ga ni dai ina bi ƙofa-ƙofa ina Allah ya ba ku mu samu. Ƙoƙon ne kawai ya zama na gilashi.

Kwas ɗin ƙididdiga shi ya kayar da ni. Duk jadawali ne da zane. Ko mai karanta maka ya so ka da alheri, karanta jadawali da baki sai wanda ya iya: zai jero maka lambobi talatin a jere, ba ka san wanne ke ƙarƙashin wanne ba. Na faɗi shi, na faɗi wani guda. Sakamakon ma da aka turo a hoto ya zo, sai da wata ta karanta mini faɗuwata da bakinta, a gaban mutane, tana rage murya kamar mai gaisuwar mutuwa.

Na kira Baba na ce zan dawo gida. Ya yi shiru, ina jin ƙarar kekensa ta tsaya. Ya ce, "Uwata, karatun ne ya fi ƙarfin kanki, ko kuwa ba ya isowa gare ki ne?" Na ce ba ya isowa. Ya ce, "To ba ki faɗi ba tukuna. Ki bari sai ya iso, in ya kayar da ke ni da kaina zan zo in ɗauko ki."

A nan zan ɗan ratse, don akwai wadda ba zan iya ba da labarin nan ba tare da ita ba. A ajinmu akwai wata kurma. Ni abin da na fi so a duniya a lokacin shi ne malami ya turo saƙon murya, in kwanta in saurara sau uku. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin da ke zame mini biki ita makoki ne a wurinta ba. Saƙon murya, lakcar Zoom ba rubutu a ƙasa, ba mai fassara da maganar hannu, duk a rufe suke gare ta kamar yadda hoto yake a rufe gare ni. Ita ta fara turo mini saƙo, ta ce ta lura da ni. Muka ƙulla ciniki: ni in saurari murya in rubuta mata, ita ta dubi hoto ta buga mini. Mukan zauna a benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma hira sai ta WhatsApp, don ni ba na ganin hannunta, ita ba ta jin bakina. Masu wucewa har tsayawa suke yi kallonmu. Akwai kuma wani ɗan ajinmu mai keken guragu da ya ce shi komawa intanet ɗin nan gaba ta kai shi, don da a hawa na biyu ake lakca, sai an ciccibe shi. Tun daga nan na daina yarda da mai cewa ya yi wa "masu buƙata ta musamman" tanadi a dunƙule. Wace buƙatar? Ta wa?

Yajin aikin 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kowa tsine masa yake yi, ni kuwa a cikinsa na samu kaina. Yayana ya sayo mini tsohuwar kwamfutar cinya ta hannu. Malamina na da ya ce in nemi NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho rubutun da ke fuskar kwamfuta. Akwai JAWS, wadda ta daɗe a fagen, amma kuɗinta ba na 'yar tela ba ne. NVDA kyauta ce, kuma wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, tun daga 2006. Jin haka kaɗai ya yi mini wani abu a zuciya. Na koyi buga rubutu da yatsu goma, ina lalubo ɗan tudun da ke kan F da J in daidaita hannu. Ƙanena ke kai mini kwamfutar caji shago in babu wuta, yana mita, ina ba shi cin hanci da ƙosai.

A nan na gane yadda takarda mai kyau take. In marubuci ya sa wa kanun babi alamar kanu ta gaskiya, ba wai ya ƙara wa harafi girma kawai ba, da maɓalli ɗaya nake tsallakawa daga babi zuwa babi, kamar yadda mai ido ke watsa ido a shafi. In jadawali na gaskiya ne, ina bin sa gida-gida, in san layin da nake da abin da ke samansa. In an sa hoto aka rubuta masa bayani a bayansa, manhajar za ta karanto mini. Na kuma gwada manhajojin da ke ƙoƙarin zaƙulo rubutu daga hoto. Suna taimakawa idan shafin fes yake. Amma fotokwafin fotokwafi, wanda aka ɗauka a karkace, da inuwar babban yatsan wakilin aji a gefe? Sai su haɗa maka kwaɗo. Jadawali su watsa shi, rubutun hannu su yi ta kame-kame, in kuma Hausa ce, ƙ da ɗ da ɓ su koma wasu halittu daban.

Da aka koma, na ɗauki kwamfutata na nufi ofishin malamin ƙididdiga, ƙawata kurma na riƙe da hannuna. Gabana na faɗuwa, don an san shi da zafi. Na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma nake nema ta minti biyar." Ya ce ai ya tura wa kowa handawut, bai ware kowa ba. Na buɗe nasa na ƙara murya. Shiru, sai lambar shafi. Na buɗe wata takarda da na buga da hannuna, muryar ta kama zuba kamar rediyo. Ya taso ya zagayo bayana. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Ikon Allah. Shekarata goma sha ina koyarwa, ba wanda ya taɓa nuna mini wannan." Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni na san dare.

Na ce abin da nake roƙo shi ne ainihin wanda ya buga a kwamfutarsa. Nan ya ja baya. Ya ce, "Yarinya, in na saki wannan, gobe zan gan shi ana sayarwa a shagon fotokwafi, ko wani ya cire sunana ya sa nasa." Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Ranka ya daɗe, ai na hoton ma ana sayar da shi a can tun bara." Ya yi shiru, sai ya fashe da dariya. Kafin magariba ya turo. Daga baya har ya riƙa rubuta jimla biyu a ƙarƙashin kowane zane, yana faɗin abin da zanen ke nunawa, a lakca kuma ya daina "wannan da wancan", ya koma kiran abu da sunansa. Abin dariya, masu ido suka fi ni murna: takardar ba ta cin data kamar tulin hotuna, kuma suna iya binciko kalma a ciki. Na sake kwas ɗin na ci, ba da wani babban maki ba, amma nawa ne.

Ba kowa ya yi kamar shi ba. Wani ya ce in je ofishin kula da harkokin ɗalibai, su kuma suka maido ni sashe. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai tausayi. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Haba baiwar Allah, kada ki wahalar da kanki. Ki shigo jarrabawa kawai ki rubuta abin da ya sawwaƙa, ba zan kayar da ke ba." Na gode masa, na fito ina rawar jiki. Naira hamsin ce ta sake biyo ni har jami'a. Takarda na zo nema, ya miƙo mini maki.

A lokacin ne na zauna na saurari dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce makarantun gwamnati, daga firamare har manyan makarantu, dole su zama masu buɗewa ga masu nakasa. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara. Har ma ta haramta amfani da mai nakasa wajen bara, wurin da na maimaita sau uku ina murmushi. Na kuma ji labarin yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, mai ba da damar juya littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa ba tare da an ce an keta haƙƙin mawallafi ba, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shigar da wannan. Mu biyar muka rubuta wa shugaban sashe takarda. Kalmar "alfarma" da na saba buɗe baki da ita, na goge ta daga ciki.

An kafa kwamiti, kamar yadda aka saba. Abin da ya fito ba shi da yawa. An yarda a riƙa ba mu asalin takardu. An daɗe ana ja-in-ja kan jarrabawar kwamfuta, don da mai sa ido ke karanta mini tambaya a kunne, yana sauri, yana cinye kalmomi, kowa na jin amsata. Na ce NVDA tana aiki daga filashi ba sai an girka ta ba. Suka ce filashi zai sa musu cuta a na'ura, ko in shigo da satar amsa. A shekarar ƙarshe suka girka ta da kansu a kwamfuta ɗaya, can kusurwa, suka ƙara mini lokaci. Na sa abin kunne na rubuta jarrabawa ba kowa a tsakanina da tambaya. Karkatattun haruffan shafin makaranta kuwa, har na gama suna nan.

Ranar da na karɓi sakamakon ƙarshe Gwaggo ce ta fi kowa rangaɗa guɗa. Ban tuna mata komai ba.

Yanzu ina koyar da yara makafi kwamfuta a makarantar da aka koya mini huda takarda. Hasken da ya rage mini kaɗan ne, ina bambance rana da dare, sai ƙofa in tana buɗe. Ƙawata kurma ta yi aure, har yau muna hira kullum. Makon jiya wata yarinya da na koyar, wadda ta shiga aji ɗaya a wata jami'ar, ta kira ni da dare muryarta na rawa. Ta ce, "Anti, an turo mana handawut, ina jin wayata ce ta lalace, ba ta magana." Na ce ta turo mini. Shafi sittin da biyu ne, duk hoto. Na tura wa ƙawata rabi, ƙanena yana karanto mini rabi ina bugawa, mun kai shafi na goma sha tara. Na kuma ce wa yarinyar ta nemo mini ranar da malamin ke zama a ofis, ta yi cajin wayarta ta cika, ranar Litinin za mu je tare.